Kwanon Sadaka a Lokacin Kulle: Zaman Tare da Tarbiyya a Makarantun Addinin Buddha na Tailan Cikin Annobar Korona

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda annobar korona ta shafi tarbiyya a makarantun addinin Buddha na ƙasar Tailan a shekarun 2020 da 2021. Ta ɗora makarantun kwana da ke cikin wuraren ibada, inda ɗalibai suka ci gaba da zama tare, a kan mizani ɗaya da makarantun jeka-ka-dawo da aka mayar da karatunsu gidan talabijin da intanet. Matsayin takardar shi ne cewa tarbiyyar waɗannan makarantu tana cikin cin abinci tare, da hidimar juna, da igiyar ciyarwa da ta ɗaure makaranta da unguwarta, fiye da yadda take cikin darasin aji. Daga ƙarshe takardar ta waiwayi abin da ya sami almajiran tsangaya a Arewacin Nijeriya cikin waɗannan watanni.

Gabatarwa

A ranar 13 ga Janairun 2020 aka tabbatar da korona a jikin wata matafiya da ta sauka a Bankok daga Wuhan. Tailan ta zama ƙasa ta farko a wajen Sin da cutar ta ɓulla. A ranar 18 ga Maris aka rufe makarantu, a 26 ga wata aka kafa dokar ta-ɓaci, daga 3 ga Afrilu kuma aka hana fita daga ƙarfe goma na dare zuwa huɗu na asuba. Sabuwar shekarar karatu da aka saba buɗewa a tsakiyar Mayu sai da ta kai 1 ga Yuli.

Ƙasashe da yawa sun ɗauki irin waɗannan matakai. Abin da ya sa na zaɓi Tailan domin wannan nazari shi ne, sama da kashi 90 cikin 100 na mutanenta mabiya addinin Buddha ne na mazhabar Theravada, kuma tana da wuraren ibada, waɗanda suke kira wat, fiye da 40,000. Da yawa daga cikinsu makarantu ne na kwana, inda yara ke rayuwa a kan abincin da unguwa ke ba su kowace safiya. Mai nazarin ilimi daga ƙasar Hausa ba zai ji wannan ya wuce ba tare da ya tsaya ba. Ba aƙida na zo kwatantawa ba, nisan da ke tsakanin Musulunci da addinin Buddha a wannan fage sananne ne. Tambayata ta tsarin makaranta ce: idan an gina tarbiyya a kan cuɗanya, me ke faruwa da ita ranar da cuɗanyar ta zama hanyar ɗaukar cuta?

Makarantar da ke cikin wat

Kafin zuwan makarantun zamani, wat ne makarantar ɗa namiji a Tailan. Uba ya kai ɗansa wurin bhikkhu, wato malamin da ya bar gida da dukiya ya rungumi zaman zuhudu, yaron ya yi masa hidima, ya koyi karatu da rubutu da ladabi. A zamanin Sarki Chulalongkorn, cikin shekarun 1880, aka buɗe makarantar gwamnati ta farko ta 'ya'yan talakawa a harabar Wat Mahannapharam a Bankok. A 1921 aka yi dokar tilasta karatun firamare. Har gobe makarantun gwamnati da dama a kan filin wat suke, sunan wat ɗin kuma suke amsawa.

Magadan tsohon tsarin su ne makarantun Phra Pariyatti Tham. Suna da sashen koyar da addini, da sashen harshen Pali mai matakan jarrabawa tara, da kuma sashen da ke haɗa addini da darussan sakandare, wanda ke da makarantu kimanin 400 a faɗin ƙasar. Ɗalibansu su ne samanera, yaran da aka yi wa aski aka sa musu mayafin zuhudu amma ba su kai shekara 20 da ake zama cikakken bhikkhu ba. Mafi yawansu 'ya'yan talakawan ƙauye ne, musamman daga arewa da arewa maso gabas, waɗanda iyayensu ba za su iya ɗaukar nauyin sakandare ba. Wat ya ba su ɗaki da abinci da littafi kyauta.

Ya kamata a dubi yinin samanera da kyau, domin a nan hujjar wannan takarda take. Yana tashi kafin gari ya waye, a yi karatun safe tare. Da haske ya fara fitowa sai a fita a jere, babba a gaba, ƙarami a baya, ba takalmi, kowa da kwanonsa. Ba ya roƙo, ba ya kiran kowa. Inda ya ga mai sadaka sai ya tsaya ya buɗe kwano. Mai bayarwar ne ke cire takalmi, ya zuba shinkafa, ya rusuna, domin a fahimtarsu shi ne ya ci riba da aka karɓa daga hannunsa. A dawo a ci tare, a share harabar wat, a shiga aji. Daga tsakar rana babu sauran cin abinci sai gobe, wannan yana cikin dokoki goma da samanera ke riƙewa.

Wannan fita ta asuba tana yin aiki biyu da babu manhajar da ta rubuta su. Yaro yana ganin fuskar tsohuwar da ta riga shi tashi ta dafa abin da zai ci, don haka barin shinkafa a kwano ko raina abinci yana da nauyi a wurinsa. Unguwa ita ma tana ganin yaron kullum. Ta san idan ya rame, ta san idan ya yi rashin kunya, ta san idan bai fito ba. Mutanen da ke ciyar da makarantar su ne kuma masu sa mata ido, kuma wat ɗin da ya ɓata sunansa a kwanonsa zai fara gani.

Tushen koyarwar

Malamin da ya fi kowa tasiri a tunanin ilimi na Tailan ta yau shi ne P. A. Payutto, marubucin littafin Buddhadhamma, wanda UNESCO ta ba lambar yabo ta ilimin zaman lafiya a 1994. Ya mayar da hankalin masu ilimi ga horo uku na asali: sila, wato kyautata hali da mu'amala, samadhi, wato natsuwar zuciya, da panna, wato basirar gane abubuwa yadda suke. Ya kuma nanata cewa abu biyu ne ke tayar da wannan horo, ɗaya daga waje, ɗaya daga ciki. Na wajen shi ne abokin kirki, na cikin shi ne tunani mai bin diddigin sababi. A nassosin Pali akwai labarin da almajirin Buddha mai suna Ananda ya ɗauki abota ta gari a matsayin rabin tafarkin, malamin nasa ya gyara masa cewa ita ce tafarkin gaba ɗaya. Akwai kuma ƙa'idoji shida na zaman jama'a da ake koyar da ɗalibai, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce raba abin da aka samu da abokan zama, har abin da ya shiga kwano.

A kan wannan tunani Ma'aikatar Ilimi ta ƙaddamar da shirin makarantun Withi Phut a 2003, dubban makarantun gwamnati suka shiga. A cikinsu ake yin karatun safe, da ɗan zaman natsuwa kafin darasi, da tunatarwa kafin cin abinci. Akwai kuma 'yan makarantu masu zaman kansu da suka ɗauki abin da zurfi, irin su Roong Aroon da aka kafa a Bankok a 1997, da Thawsi, da makarantar kwana ta Panyaprateep a Pak Chong, waɗannan biyun na ƙarshe ƙarƙashin jagorancin Ajahn Jayasaro, ɗan asalin Ingila da ya yi almajiranci wurin Ajahn Chah. Duk wanda ya karanta abin da waɗannan malamai ke cewa zai ga sun yarda da abu ɗaya: hali ba ya shiga yaro ta kunne kaɗai, sai ya zauna da masu halin.

Shekarar 2020: sadaka ta juya

A watan Afrilun 2020 hotunan Wat Molilokkayaram suka zaga duniya. Wannan wat yana ɓangaren Thonburi na Bankok, ya kuma yi suna wajen karatun Pali. An ga ƙananan samanera zaune a kan tebura da aka ba su tazara, kowa da takunkumi da garkuwar roba a fuska, suna ci gaba da darasi a lokacin da makarantun gwamnati ke rufe. Masu kallo da yawa hoton ne ya ba su sha'awa. Shawarar da ke bayan hoton ta fi shi muhimmanci: ba a kwashe yaran an watsa su ƙauyukansu ba. Wat ɗin gidansu ne, sai aka ɗauke shi a matsayin gida ɗaya da ya kulle ƙofarsa.

Sai dai kulle ƙofa ya taɓa jijiyar tsarin. Wat da dama sun rage fitar asuba ko sun dakatar da ita, waɗanda suka ci gaba kuma da takunkumi suke fita. An ɗage bikin sabuwar shekara na Songkran a Afrilu, an soke tarukan da wat ke samun gudunmawa a cikinsu. A lokaci guda masu ba da sadakar su ma suka shiga wani hali. Baƙin yawon buɗe ido da suka kusa miliyan 40 a 2019 sun koma miliyan 6.7 a 2020, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kashi 6.1 cikin 100. Direban tasi da mai sayar da abinci a bakin titi da ma'aikaciyar otal, waɗanda su ne ke cika kwano da safe, suka wayi gari ba abin sawa a tukunya.

A nan ne shugaban bhikkhu na ƙasa baki ɗaya, Somdet Phra Ariyavongsagatanana, ya umarci duk wat ɗin da ke da hali ya buɗe wurin rabon abinci kyauta. Shinkafa da busasshen abinci da gwangwanayen da aka tara daga sadaka suka fara fita ta ƙofar da suka shigo. A watan Mayu kuma akwatunan da ake kira tu pan suk suka bazu a bakin tituna, mai hali ya ajiye abinci, mabukaci ya ɗauka, ba mai tambayar wani. A Wat Chak Daeng da ke Samut Prakan, inda dama ake sarrafa robobin ruwa su zama yadin mayafi, aka koma ɗinka takunkumi.

Wannan juyi ba daga sama ya faɗo ba. Tun asali rarar abincin kwano tana zuwa ga yaran da ke hidima a wat, da matalauta, har da karnukan harabar. Annoba ta faɗaɗa hanyar da dama ake bi ne. A ganina a nan darasin tarbiyya mafi girma na waɗannan watanni yake. Yaron da ya taso yana karɓa ya ga ranar da gidansa ya zama mai bayarwa, ya kuma ga layin mutanen da suka ciyar da shi jiya suna jiran a ba su. Ƙa'idar raba abin da aka samu, wadda ya haddace domin jarrabawa, ta zama buhun shinkafa da za a auna a ƙulla a leda. Ba na jin akwai malamin da zai iya shirya darasi irin wannan a kan allo.

Abin da waya ba ta ɗauka

Labarin makarantun jeka-ka-dawo daban ne. Ma'aikatar Ilimi ta tanadi hanyoyi biyar: zuwa aji inda hali ya yi, darasin talabijin, darasin da aka naɗa, darasin intanet kai tsaye, da takardun aiki da malami ke kaiwa gida. Darussan talabijin na firamare daga makarantar Wang Klai Kangwon ta Hua Hin ake watsa su. Lissafi da kimiyya sun bi waɗannan hanyoyi, ko da da ɗingishi, kuma ɗan talakan da ba shi da waya ko kuɗin data shi ya fi shan wahala. Amma abubuwan da suka sa ake kiran makaranta Withi Phut, wato cin abinci tare, wanke kwano, shara, babban ɗalibi ya kula da ƙarami, gaida malami a bakin ƙofa, babu ɗayansu da ke tafiya ta waya. Ana iya karatun safe ta kwamfuta, kowa a ɗakinsa. Abin da ba a iya yi shi ne yaro ya jira na kusa da shi ya ɗiba kafin ya miƙa hannu.

Nauyin tarbiyya sai ya koma gida kacokan, a daidai lokacin da gidan ke fama da rashin aiki. A ƙauyukan arewa maso gabas yara da yawa a hannun kakanni suke, iyaye suna neman kuɗi a Bankok. 'Yan Tailan suna yawan ambaton gida da wat da makaranta a matsayin duwatsun murhu uku na tarbiyya, to an janye biyu an bar tukunyar a kan ɗaya.

Akwai wani abu da ya faru bayan an koma aji wanda bai kamata a tsallake ba. A watan Agustan 2020 ɗaliban sakandare suka fara ɗaura farin ƙyalle suna ɗaga yatsu uku a taron safe, ƙungiyar da ta sa wa kanta suna Miyagun Ɗalibai ta yi zanga-zanga a gaban Ma'aikatar Ilimi. Kokensu ya haɗa da dokokin aski da tufafi, da dukan ɗalibai da cin zarafinsu. Waɗannan yara su ne suka taso suna haddar ɗabi'u goma sha biyu da gwamnatin soja ta Prayut Chan-o-cha ta shimfiɗa wa makarantu a 2014. Ba makarantun addini suka tasa a gaba ba, amma abin da suka tona ya shafi kowa. Tarbiyyar da aka taƙaita a kan hadda da biyayya ba ta riƙe yaro idan ya ga mai koyar da ita ba ya aiki da ita. Payutto da kansa bai tsaya a kan sila ba, ya haɗa ta da tunani mai tambayar dalili, kuma wannan ɓangaren ne makarantu da yawa suka yi wa riƙon sakainar kashi.

Shekarar 2021: jinya da tazara

Tailan ta tsallake 2020 da mace-mace kaɗan. Nau'in Delta ne ya girgiza ta. A watan Agustan 2021 masu kamuwa sun haura 20,000 a rana, waɗanda ke mutuwa sun wuce 300 a wasu ranaku, asibitocin Bankok suka cika. Da yake a wat ake ƙona gawa bisa al'adarsu, mutuwar ta shigo har harabar da yara ke karatu. Bhikkhu na Wat Sutthiwararam sun sa rigunan kariya a kan mayafinsu suna shiga lungunan talakawa da tukwanen iskar oksijin da abinci, suna ɗaukar gawawwakin da aka rasa mai ɗauka. Wat da dama sun mayar da zaurukansu wuraren killace marasa lafiya.

Wannan ma yana da tushe a littafin dokokin zuhudu, Vinaya. An ruwaito cewa Buddha ya tarar da wani bhikkhu mai ciwon ciki kwance cikin ƙazantarsa ba mai kula da shi, shi da Ananda suka wanke shi da hannunsu, sannan ya tara sauran ya tuna musu cewa sun bar iyayen da za su yi jinyarsu, don haka jinyar juna ta hau kansu. Duk samanera ya san wannan labari. Matsalar da korona ta kawo ita ce, labarin yana koyar da tausayi ta hanyar kusanta da taɓawa, alhali dokar farko ta sila, wato kada a cutar da mai rai, a wannan karon tana neman a ja baya. Dole malamai su nuna wa yaro cewa ƙin zuwa gaida tsohon malaminsa yana iya zama girmamawa, kuma sa takunkumi domin wani ake yi kafin domin kai.

Al'adar ta ba su abin kamawa. Kowace damina bhikkhu na zama wuri ɗaya wata uku, daga wajajen Yuli zuwa Oktoba, kuma dalilin da Vinaya ta bayar shi ne koken mutane cewa masu yawo suna tattake shuka da ƙananan halittu. Zaman daminar 2021 ya faɗo daidai da ƙamarin Delta. Yaron da aka riga aka koya wa cewa tsayawa wuri ɗaya domin kare wasu ibada ce, dokar kulle ba ta zo masa a baƙuwa ba. A watan Oktoba aka fara yi wa ɗalibai 'yan shekara 12 zuwa 17 allurar rigakafi, a Nuwamba makarantu suka fara buɗewa.

Ban ɗauki zaman kulle a matsayin alheri zalla ba. Ranar da aka daina fitar asuba, idon unguwa ya sauka daga kan yaran, kuma duk makarantar kwana da ba mai leƙa ta wuri ne da mai ƙarfi zai iya zaluntar ƙarami ba a sani ba. Sannan wannan mafaka ta 'ya'ya maza ce. Hukumar bhikkhu ta Tailan ba ta amince da naɗa mata a wannan matsayi ba, don haka 'yar talaka ba ta da ɗaruruwan makarantun da ɗan'uwanta yake da su, sai ɗaiɗaiku irin Dhammajarinee Witthaya ta Ratchaburi, wadda mata masu zuhudu ke gudanarwa kyauta.

Tsangaya a watanni guda

A watan Afrilun 2020, lokacin da samanera ke zaune a Wat Molilokkayaram, gwamnonin Arewacin Nijeriya suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka loda yara a motoci tsakanin Kano da Kaduna da Jigawa da sauran jihohi, aka kuma samu cutar a jikin wasu bayan sun sauka. Tailan ma ta ɗanɗana irin wannan a tsakiyar 2021, lokacin da ɗaliban wata makarantar kwana ta Musulmi a lardin Yala suka koma gidajensu, cutar ta bi su zuwa wasu larduna. Watsa ɗaliban kwana cikin annoba ba ya kare su, ba ya kuma kare garuruwansu.

Me ya sa wat ya iya riƙe yaransa, tsangayar birni ta kasa? Ba don malaminmu ya gaza bhikkhu tausayi ba ne. Wat yana da fili da ɗakin girki da rumbu, yana da rajista a Ofishin Addinin Buddha na Ƙasa, kuma a 2019 an yi doka ta musamman da ta ba makarantun Phra Pariyatti Tham gurbi a kasafin gwamnati. A bayansa akwai 'yan sa-kai na lafiya kimanin miliyan ɗaya da ke bin gida-gida a ƙauyuka. Sadakar da ke shiga wat ta jama'a ce, ana tara ta a raba, shi ya sa aka samu abin fitarwa da rana ta ɓaci. Tsohuwar tsangayar karkara ta san wannan tsari: akwai gonar malam, akwai zakkar hatsi, akwai uwar ɗaki da ke ajiye wa almajirinta tuwo ta kuma tambaye shi idan bai zo ba. A manyan birane wannan igiya ta tsinke, kowane yaro ya koma neman na bakinsa shi kaɗai a tasha da kasuwa, kuma da aka rufe tasha da kasuwa babu rumbun da za a buɗe.

A 2023 aka kafa Hukumar Kula da Ilimin Almajirai da Yaran da Ba Sa Zuwa Makaranta. Mafi yawan muhawarar da ake yi a kanta ta manhaja ce, wato a ƙara lissafi da Turanci a kan allo. Shawarata ga hukumar da malaman tsangaya da masu unguwanni ita ce a fara da abubuwa uku da suka riƙe wat a 2020: rajistar kowane yaro da sunan mahaifinsa da garinsu, tukunya ɗaya a cikin makaranta wadda sadakar unguwa da zakka da tallafin gwamnati za su riƙa shiga, da ma'aikacin lafiya daga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa wanda aka ɗora wa alhakin leƙa makarantar a kai a kai.